Wasiƙa daga Ingila: ƙauyen da ya riƙe sunayen matattunsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ina gajiya, ya zafi. Mu dai nan ruwa ne kullum ba ƙaƙƙautawa.

Ran Asabar na hau bas daga Sheffield na je wani ɗan ƙauye a Derbyshire, a rubuce Eyam ne amma su "Iim" suke cewa, haka Turancin nasu yake. A 1665 annoba ta shiga garin ta cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa wani tela daga Landan, limamin cocinsu William Mompesson ya shawo kan mutane suka killace kansu don kar ta bazu, kafin ta lafa a 1666 an rasa wajen mutum 260. To wallahi abin da ya tsaya min a rai sunayen ne, duk suna nan a rubuce, George Viccars da ya fara mutuwa, matar limamin Catherine, da wata Elizabeth Hancock da ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, kaburburan iyalin nata na nan a wani fili bayan gari an kewaye da dutse. Talakawa fa, ba 'yan sarauta ba.

Sirrin kuwa tun 1538 ne, lokacin da Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya ba da oda kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa a littafi. Tsofaffin littattafan ƙauyukan yankin yanzu suna ofishin adana tarihi na Derbyshire da ke Matlock, wasu an kwafa an sa a intanet kyauta a FreeREG. Daga 1837 gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da mutuwa, ƙidayar 1841 ta fara ɗaukar sunan kowa gida gida, ta 1921 sai 2022 aka buɗe ta, ta 1931 kuma gobara ta cinye a 1942, su ma ba komai ne ya tsira musu ba. Wani tarko da ke kama masu bincike, kafin 1752 shekararsu daga 25 ga Maris take farawa, sai ka ga yaron da aka haifa a Disamba aka binne a Janairu duk shekara ɗaya aka rubuta, kamar an binne shi kafin a haife shi.

A cikin bas na dawowa na gwada ƙirga kakannina, na huɗu na cije, shi ma laƙabinsa kawai na sani. Don Allah wanda zai je ƙauye da sallah ya zauna da Kaka ya kunna rikodin a waya, ya tambaye ta sunan kakanta na yanka da garin da suka taso, a turo min ta WhatsApp, ni zan sa kuɗin data.

Ku gaida mutan gida.
Naku, daga Sheffield