Na Bi Rafin Jakara Daga Kurmi Har Wasai

A Fagge na tashi, amma har na haura shekara talatin ban taɓa tambayar inda ruwan Jakara yake zuwa ba. A wurinmu kwata ce kawai, a toshe hanci a wuce. Da sanyin bara na ɗaura niyyar bin sa da ƙafa, ni da wani ƙanena.

Daga bakin Kasuwar Kurmi muka fara bayan sallar asuba. Nan na fara yin kuskure, don na zaci zan riƙa ganin ruwan ina bi. Ashe a cikin Birni an rufe wani sashensa an shimfiɗa titi a kai, sai dai ka ji ƙararsa a ƙarƙashin kankare. Wani dattijo mai shayi ne ya ɗora mu a hanya, ya ce, "Yaro, ka bi gangare, ruwa ba ya hawa tudu." Raina ya sosu da na tuna wannan ne wurin da tarihin Kano ya ambata da kurminsa, tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar.

Bayan mun wuce mayanka muka tsallake titin filin jirgi, sai rafin ya buɗe ya miƙe arewa maso gabas. A Kwakwaci da Gama na ga abin da ban zata ba: lambuna kore shar, latas da kabeji da alayyahu, injin ban-ruwa na ta ƙugi. Na tsuguna na ɗebi ruwan a tafin hannu. Baƙi ne, da kumfa-kumfa, har da santsin sabulu. Da rani ba ruwan sama a cikinsa, abin da gidajenmu suka zubar ne yake gudana, shi kuma ake ba latas ɗin da muke ci. Gaba kaɗan rafin Getsi ya shigo da nasa kayan daga masana'antun Bompai.

Silifas na sa, ranar farko taɓo ya cinye min ƙafa ɗaya. Washegari da takalmin roba mai tsawo muka dawo, muka ɗora daga inda muka tsaya, wani wurin a ƙafa, wani a babur.

La'asar sakaliya muka isa dam ɗin Wasai, wanda aka gina a 1976. Ruwa ya shimfiɗu iya ganinka, masunta na jan koma. Wani ya miƙo mana ƙarfasa mai zafi a takarda. Ƙanena ya karɓa, ni kuwa na daɗe ina kallon ta, ruwan da na ɗeba a Kwakwaci yana cikin raina.