Kwana uku a Iskandariyya lokacin da teku ya fusata

Ban je Masar domin kallon teku ba. Rakiyar yayana na yi zuwa Alƙahira inda aka yi masa aikin ido, kuma bayan an kammala aikin lafiya, likita ya ce sai mun jira kwana goma kafin ya sake duba shi ya sallame mu. Ɗan yayan nawa, wanda ke karatu a Jami'ar Azhar kuma shi ne tafintanmu tun daga filin jirgi, ya lura zaman ɗaki ya fara gundurata, sai ya ce, "Baffa, tun da Abba ya samu sauƙi kuma ga abokaina za su zauna tare da shi, mu je Iskandariyya ka ga Bahar Rum." A mako na biyu na watan Janairu muke, kuma babu ɗayanmu da ya tsaya tambayar abin da wannan watan yake nufi ga mutanen bakin teku.

Kafin wannan tafiya sau biyu na taɓa tsayawa a gaɓar teku, sau ɗaya a Jidda lokacin Umra, sau ɗaya kuma a Legas. Duka biyun cikin zafi ne, da gumi da iska mai ɗumi, saboda haka na ɗauka cewa bakin teku wurin shan iska ne a kowane lokaci. Mun hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis da safe, muka ratsa gonakin Nilu, muka wuce Ɗanɗa da Damanhur, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya a cikin ƙasa da awa uku. Daga Damanhur sama ta fara duhu ta bangon arewa maso yamma. Wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya leƙa taga, ya gyara mayafin wuyansa, ya faɗi kalma ɗaya wadda na ji ta maimaitu a bakin mutane har muka bar garin: nawwa, wato guguwar hunturu mai zuwa da ruwan sama.

Masaukinmu yana hawa na biyar a wani tsohon bene da ke fuskantar titin Kurnish, wato doguwar hanyar da ta bi gaɓar teku daga wannan ƙarshen birnin zuwa wancan. Da la'asar na sauko ni kaɗai na tsallaka titin domin in ga ruwan da kyau. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar yadda ake gani a hotuna, launin toka ne mai haɗe da ƙasa-ƙasa, kuma yana tafasa kamar tukunyar da aka cika wa wuta. Igiyar ruwa takan taso daga nesa, ta yi ta kumbura tana ƙaratowa, sannan ta daki manyan tubalan kankare da aka jibge a gaɓa, sai ka ji ƙasa ta amsa a tafin ƙafarka kafin ƙarar ta iso kunnenka. Farin kumfa ya tashi sama fiye da tsayin mutum biyu, iska ta kwaso shi ta watsa a kan motoci da masu tafiya a ƙasa. Na ɗanɗana gishiri a leɓena alhali ban matsa kusa da ruwan ba. Wani mai gasa dankalin Hausa a kan amalanke ya ɗaga mini hannu yana nuna in ja da baya, kuma ban daɗe da matsawa ba wata igiya ta haure katangar ta malale daidai inda nake tsaye.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda wannan hadari ya saɓa da duk abin da na sani. A wurinmu hadari daga gabas yake tasowa, cikin zafi, bayan an wuni ana gumi. Sai gari ya yi tsit, sannan iska ta zo da ƙura, mata su kwashe shanya, yara su kora awaki, a yi tsawa da walƙiya, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kuma cikin awa ɗaya ko biyu an ɗauke, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Wannan kuwa daga yamma ya zo, a tsakiyar sanyi, kuma ba ya gaggawa. Ruwan yakan zuba na ɗan lokaci ya tsagaita, rana ta leƙo, sannan wani baƙin girgije ya biyo baya da ƙanƙara ƙanana kamar gero, amma iskar ba ta kwanta ba dare da rana. Duk ruwan da Iskandariyya take samu a shekara bai wuce kusan milimita 200 ba, wanda bai kai rubu'in na Kano a shekara mai kyau ba, sai dai kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a cikin 'yan kwanaki irin waɗannan. Daren farko ban yi barcin kirki ba, domin tagogin katako suna ta bugawa kuma rurin tekun bai yanke ba ko na minti ɗaya.

Washegari muka nufi unguwar Anfushi, wajen tsohuwar tashar masunta. Kwale-kwale masu launin shuɗi da kore suna ɗaure a jere, wasu an jawo su kan tudu an kife, kuma ba wanda ya fita kamun kifi. Mun fake a wani ɗan shagon shayi inda masunta suka cika, wasu suna ɗinkin taru a kan cinyoyinsu, muka sha sahlab, wani abin sha mai kauri da ake yi da madara a barbaɗa masa gyaɗa da kirfa. A nan ne wani tsohon masunci, da yatsunsa suka kanannaɗe saboda jan igiya, ya yi mini bayanin da har yau nake juya shi a raina. Ɗana yana fassarawa, shi kuma yana lissafawa da yatsu. Ya ce wannan da muke ciki sunanta Faila Kabira, wato babbar ambaliya, tana zuwa wajen 12 ga Janairu kuma takan kai kwana shida. Kafin ita akwai Maknasa a tsakiyar Nuwamba, ma'anarta tsintsiya, domin tana share ƙasan teku. Akwai Ƙasim a farkon Disamba, wadda masunta suka fi tsoro, kuma suna ba da labarin cewa sunan ɗan wani masunci ne da ya nutse a cikinta. Bayan tamu da mako guda sai Giɗas, wadda ta dace da idin Kiristocin Kibɗawa na 19 ga Janairu, sannan Karam a ƙarshen watan, haka dai har zuwa Awwa a ƙarshen Maris. Da ya zo kanta sai ya buɗe tafin hannunsa ya faɗi karin maganar da kowane ɗan garin ya sani, cewa bayan Awwa babu sauran nawwa.

Da na ji sunan Awwa sai na tuna da kakana, Allah Ya jiƙansa, wanda ba ya shuka sai ya tambayi liman tauraron da ake ciki. Mu ma muna da wannan lissafi na taurari 28, kowanne da kwana 13, bakwai ga kowane yanki na shekara. Tsofaffin manoma sun san Haƙa'a da Hana'a da Zira'a a farkon damina, sun san Nasara da Ɗarfa da Jabha lokacin da ruwa ya kankama, kuma tauraron da muke kira Iwa a cikin kaka shi ne Awwa na Larabawa. Ita kanta kalmar nawwa ana danganta ta da nau'u, wato faɗuwar tauraro da Larabawan dā suke auna lokacin ruwa da ita. Malamanmu sun sha jan kunne, bisa hadisi ingantacce, cewa kada mutum ya jingina saukar ruwa ga tauraro, domin rahamar Allah ce. Masuncin nan ma bai jingina ba, kowace jimla tasa da "in Allah Ya so" take ƙarewa. Abin da yake riƙe da shi ƙidayar lokaci ce da kakanninsa suka tara daga abin da idonsu ya gani shekara bayan shekara, kuma da yawansu da rayukansu suka biya kuɗin wannan sani. Na ji girmansa ya kama ni ƙwarai, domin na ga manomin Kano da masuncin Iskandariyya suna karanta littafi ɗaya, ɗaya yana neman ranar da zai fita, ɗayan yana neman ranar da zai zauna a gida.

Masana yanayi suna da nasu bayanin, kuma bai ci karo da na masunta ba. A lokacin hunturu iska mai sanyi takan gangaro daga Turai ta hau kan ruwan Bahar Rum wanda yake riƙe da ɗumin bazara, sai ta kwashi tururi ta yi ta juyawa tana tafiya gabas, ta ƙara ƙarfi a wajen tsibirin Ƙubrus, bayanta kuma ya daki gaɓar Masar. Idan abin ya tsananta, hukuma takan rufe mashigar tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya da ta Dikhaila, manyan jirage su tsaya a waje suna jira. Daga tagar masaukinmu na ƙirga guda bakwai a can nesa, fitilunsu suna ɓacewa suna bayyana.

Da azahar muka yi salla a masallacin Abul Abbas al-Mursi, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali, wanda masallacin Imam Busiri yake daura da shi. Daga nan muka taka zuwa ganuwar Sarki Ƙaitbai da ke kan wani ɗan tsiri da ya kutsa cikin teku. An gina ta tsakanin 1477 da 1479 a kan harsashin tsohuwar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya, wadda tsayinta ya haura mita 100 kafin girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 su lalata ta. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ga hasumiyar a 1326 tana tsaye da rauni, da ya dawo a 1349 kuwa ya tarar ko shiga ba a iya yi. A ranar da muka je, igiyoyi suna dukan gindin ganuwar ta ɓangarori uku, kuma na lura da yadda gishiri ya cinye duwatsun ƙasa ya bar su da ramuka kamar saƙar zuma. An zuba dubban tubalan kankare a kewayenta domin karya ƙarfin ruwan. Mutum yana tsaye a wurin zai gane cewa birnin nan, tun da Iskandar ya kafa shi shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa, bai taɓa hutawa daga kokawa da teku ba.

Sai dai akwai abin da masuncin ya faɗa a ƙarshen hirarmu wanda ya sa jikina ya yi sanyi. Ya ce a zamanin mahaifinsa nawwa ba ta saɓa alkawari da fiye da kwana ɗaya ko biyu, amma yanzu takan makara, ko ta zo da ƙarfin da ba a san ta da shi ba, ko ta zo a lokacin da babu sunanta a lissafi. Abin da ya faru a garin yana gaskata shi. A ranar 25 ga Oktoba 2015 ruwa ya mamaye titunan Iskandariyya tun kafin lokacin Maknasa, mutane suka rasa rayukansu, wasu ta hanyar wayar lantarki da ta faɗa cikin ruwa, har gwamnan lardin ya ajiye aiki. A ƙarshen Mayun 2025 kuma guguwa da ƙanƙara suka afka wa birnin cikin dare, wata biyu bayan Awwa da aka ce babu nawwa a bayanta. Ga teku yana ƙara tasowa a hankali, ga ƙasar bakin Nilu tana nutsewa, ga dogayen benaye an jera su dab da ruwa, gishiri yana cin ƙarafan da ke cikin ginshiƙansu. Irin wannan kukan na sha ji daga bakin manomanmu, waɗanda suke shuka bisa lissafin da suka gada sannan ruwa ya ɗauke na mako uku, ko ya zo a Satumba ya tafi da gonar gaba ɗaya.

A rana ta uku da asuba na farka na ji wani abu ya canza, sai daga baya na gane cewa tagogin ne suka daina bugawa. Na leƙa na ga tekun yana numfashi a hankali, har yanzu da duhunsa, amma kumfar ta ragu. Ma'aikata suna share yashi da ciyawar teku da robobi daga kan Kurnish, motocin zuƙar ruwa suna aiki a mararraba, masu shaguna suna ɗaga ƙofofinsu. A Anfushi kwale-kwale biyu ko uku ne kawai suka kwance igiya, sauran suna jira, domin tsohon ya ce wannan lafawa ce ta wucin gadi, Faila ba ta cika kwanakinta ba tukuna. Na sayi gasasshen dankali a wurin mutumin da ya gargaɗe ni ranar farko, ya gane ni, ya ƙi karɓar kuɗi sai da ɗana ya matsa masa.

Mun isa Alƙahira bayan magariba, gari a bushe kamar ba a ƙasa ɗaya muke ba. Na tarar an cire wa yayana bandejin idonsa, yana zaune a bakin gado yana jan carbi. Na fara ba shi labarin igiyar ruwa da masunta da taurarin kakanmu, sai ya miƙo hannu ya cire hular da ke kaina, ya kai ta kusa da fitila yana juyawa. Wani farin layi ya zagaye gindinta inda ruwan teku ya bushe. Ya shafa shi da yatsa, ya ɗanɗana, ya ce, "Gishiri ne. Kuma ka ga, da idon nan na gan shi."