Waɗanda suka shiga shafin godiyata

Malamar da ta duba aikina na digiri na biyu, kan magungunan da ake samu daga laimar kwaɗi, tana da ƙa'ida ɗaya da ba ta sassautawa: ɗalibi ba zai rubuta cewa wane ne ya gano abu kaza ba sai ya faɗi wanda ya nuna wa wanen hanya. Da wannan ƙa'ida ta koyar da mu tarihin silosaibin, sinadarin da ke cikin wasu nau'o'in laimar kwaɗi, wanda ake gwadawa yanzu a kan masu ciwon damuwa mai tsanani.

Littattafai sukan fara da Albert Hofmann, wanda ya tace sinadarin a kamfanin Sandoz na Suwizalan a 1958. Ita kuwa da María Sabina take farawa, mai maganin gargajiya 'yar ƙabilar Mazatek a garin Huautla de Jiménez, jihar Oaxaca ta Meziko. A 1955 wannan baiwar Allah ta yarda wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya zauna a zaman daren da take yi domin marasa lafiya, inda ake cin laimar kwaɗi mai ɗauke da wannan sinadari. A 1957 ya baza labarin a mujallar Life. Ya sakaya sunanta, amma ina, ba a daɗe ba aka gano garin. Samarin Turawa suka yi ta tururuwa neman maye, 'yan sanda suka biyo sawunsu, mutanen gari suka ɗora mata laifi, har aka ƙone gidanta. Cikin talauci ta rasu a 1985. Ni ba ruwana da maye, magani nake karanta, amma ita ce ta farko a shafin godiyata, gaban malamata ma, kuma malamar ce ta ce a yi haka.

Darasi na biyu a ƙarƙashin ƙafafunmu yake. Makarantarmu tana kwarin Willamette a jihar Oregon ta Amurka, jihar da ta kaɗa ƙuri'ar halatta amfani da silosaibin ƙarƙashin kulawa a 2020. Kwarin ƙasar mutanen Kalapuya ce, 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Turawa. Bayan yarjejeniyar 1855 aka kwashe su da ƙarfi zuwa Grand Ronde da Siletz, yankunan da gwamnati ta keɓe wa 'yan asalin ƙasar. Kafin taro a makarantar akan karanta wannan tarihi, sau da yawa a gurguje kamar mai karanta sanarwar ajiye mota. Malamata ba ta tsayawa nan. Takan ƙara da cewa a 1954 gwamnatin Amurka ta soke amincewar da ta yi wa al'ummun Grand Ronde da Siletz a hukumance, su kuma suka yi ta fafutuka har Siletz ta dawo da matsayinta a 1977, Grand Ronde a 1983, inda Kathryn Harrison, 'yar al'ummar Grand Ronde, na cikin waɗanda suka ba da shaida a gaban majalisar dokokin Amurka.

Idan muka fita daji ɗibar samfuri, takan durƙusa ta yanki ƙwaya biyu daga kututture ta bar saura, a littafin aiki kuma, kafin sunan tsiron, sai an rubuta ƙasar su wane ce da wanda ya ba da izini. Takardar da babu wannan layin takan dawo wa mai ita ba maki.