Wasiƙar da ke cikin ledar Baba

Aikina a Ingila shi ne haɗa marasa lafiya da taimakon da babu shi a kantin magani. Likitan unguwa a nan minti goma yake da shi ga kowane mutum, kuma da yawa cikin masu zuwa wurinsa abin da ke cin su ba ciwon da ƙwaya za ta warkar ba ne: bashi, kaɗaici, gida mai danshi, rashin aiki. Irin waɗannan ake turo mana. Tun da hukumar lafiya ta NHS ta fitar da shirinta na dogon zango a Janairun 2019, inda ta yi alkawarin ɗaukar jami'an haɗawa fiye da 1,000 kafin ƙarshen 2020/21 da kuma tura mutum 900,000 wurinsu kafin ƙarshen 2023/24, kusan kowane rukunin asibitocin unguwa yana da irinmu. Rukuni guda yakan kula da mutum 30,000 zuwa 50,000. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce ganawa shida zuwa goma sha biyu da kowane mutum cikin kamar wata uku, sannan a shekara jami'i ɗaya ya riƙe mutum 200 zuwa 250.

Wannan duk wanda ya shiga aikin ya san shi. Abin da ban sani ba, har sai da ya ci wa wani bawan Allah kuɗi da kwanciyar hankali, shi ne cewa wasu matsalolin suna da ranar ƙarewa, kuma kwanakin sun fara tafiya tun kafin mutumin ya ƙwanƙwasa ƙofata.

Takardar da likita ya turo layi biyu ce: magidanci mai kusan shekara sittin, ɗan Afirka ta Yamma, ciwon gwiwa da na baya, ba ya barci, kaɗaici. Na ba shi awa guda kamar yadda aka saba. Na yi masa tambayoyin nan huɗu da muke auna walwala da su, kowace daga sifili zuwa goma: gamsuwa da rayuwa, ko abin da yake yi yana da amfani, farin cikin jiya, fargabar jiya. Na tambaye shi abin da ya fi damunsa a rayuwa, ya ce zaman gida ya ishe shi. Ya ce a ƙuruciya ya yi noma. Nan take na ji na kama bakin zaren, domin akwai lambun jama'a da ake haɗuwa ranar Talata. Muka rubuta tsari, na buga masa adireshi. Duk wannan lokacin akwai baƙar leda a kan cinyarsa, ya dafe ta da hannu biyu, ban tambayi abin da ke ciki ba.

Sai da ya miƙe zai tafi ya ce, "Ɗana, sun kuma tsayar mini da kuɗin nan nawa." Na ce, "Baba, kada ka damu, akwai masu ba da shawara kan wannan, zan tura sunanka." Na cike fom na tura wa wata ƙungiyar ba da shawara, suka amsa cewa layi ya kai mako shida. Na rubuta a kwamfuta cewa an tura. A wurina magana ta ƙare.

A cikin ledar akwai wasiƙar da ta soke masa tallafin naƙasa da ake kira PIP bayan an sake auna shi. Kwananta goma sha tara a ranar da muka zauna. Doka ta ba mutum wata ɗaya ya nemi a sake duba hukuncin, kuma lissafin yana farawa daga ranar da aka buga a saman wasiƙar, ba ranar da ta iso gida ba. Ke nan saura kwana goma sha ɗaya ko sha biyu, ni kuwa na jera shi a layin mako shida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauƙin abin da ake buƙata. Neman sake dubawa ba ya buƙatar lauya. Kiran waya ɗaya ne zuwa lambar da ke saman wasiƙar, ko gajeriyar takarda, ko fom ɗin CRMR1, mutum ya faɗi sunansa da lambar inshorarsa ta ƙasa da ranar hukuncin, ya ce bai yarda ba, hujjoji na nan tafe. Da na ce ya buɗe ledar, da minti ashirin ta ishe mu, wayar ma tana kan teburina.

Bayan mako biyu na kira shi, kuma tambayata duk a kan lambu ta tsaya. Ya ce bai samu zuwa ba. Na ɗauka sanyin jiki ne, na ƙarfafa masa gwiwa. Ashe kuɗin bas ne babu. A mako na bakwai mai ba da shawarar ta kira ni ta ce wa'adi ya wuce da kusan wata guda, me ya sa ba a nuna a takardar turawa cewa akwai ranar ƙarshe ba, da sun sa shi gaba. Ba ni da amsa, domin ban sani ba, kuma ban sani ba ne saboda ban duba ba.

Ana karɓar neman da ya makara har zuwa wata goma sha uku idan akwai dalili mai ƙarfi, kuma an karɓi nasa. Amma ku dubi yadda abu ɗaya ke jan wani. Ba a biyan PIP muddin ana jiran sake dubawa ko ɗaukaka ƙara. Matarsa tana karɓar alawus ɗin mai jinya, wanda sharaɗinsa shi ne ta kula da shi awa 35 a mako kuma shi yana karɓar ɓangaren PIP na hidimar yau da kullum. Da nasa ya tsaya, nata ma ya tsaya. Kuɗin haya ya fara taruwa. A cikin makonnin nan da yake jiran layin da na sa shi, ya ci bashi mai tsananin ruwa don ya rufe bakin mai gida. Sake dubawa bai canza komai ba, wanda ba abin mamaki ba ne, domin kaɗan ne ake juyawa a wannan matakin. Sai aka shigar da ƙara da fom ɗin SSCS1, shi ma wa'adinsa wata ɗaya ne daga ranar sanarwar sake dubawa. A kotun sauraron ƙorafi, inda mafi yawan masu ƙarar PIP da aka saurara suke yin nasara, ya samu maki da suka wuce takwas ɗin da ake buƙata. Wata goma sha ɗaya aka yi kafin kuɗi ya dawo. Ba duka ba ne laifina, na lissafa: kusan mako takwas ne nawa. Amma a cikin waɗannan takwas ɗin ne ya ci bashin.

Tun daga nan na juya tsarin ganawar farko. A kiran da nake yi don sa rana nake cewa a taho da duk wasiƙun da ke gida, har da waɗanda ba a buɗe ba, musamman masu ambulan ruwan ƙasa, irin na ofisoshin gwamnati. Mutane da dama sun daina buɗe su don tsoro, suna tara su a leda ko bayan firij. Ba na cewa "kana da matsalar kuɗi?", domin dattijo ba zai amsa wa ɗan cikinsa wannan ba, ko Bature ne ko namu. Cewa nake, "Akwai takardar da ta zo da kake so mu karanta tare?" Wannan tambayar ba ta taɓa mutuncin kowa.

Idan an zube su a tebur, kashi uku nake yi. Na farko duk mai ranar ƙarshe: hukuncin tallafi, takardar kotu, sanarwar tashi daga mai gida, wasiƙar masu karɓar bashi da ƙarfin doka. Ina rubuta ranar da jan biro a kan ambulan, in sa ta a layin farko na bayanan da nake shigarwa a kwamfutar asibiti. Na biyu basussukan da rashin biyansu ya fi muni, har yakan raba mutum da muhalli ko wuta: haya, harajin ƙaramar hukuma, gas da lantarki. Na uku sauran, irin katin bashi da kayan da aka saya a biya kaɗan-kaɗan. Masu kashi na uku su suka fi yawan kira da tsoratarwa, shi ya sa mutane ke fara biyansu su bar haya, alhali hayar ce za ta fitar da su waje. Duk abin da wa'adinsa bai kai mako uku ba, ba ya fita daga ɗakin sai mun yi kiran tare, shi yana magana, ni ina gefe da biro ina rubuta sunan wanda ya ɗauka da lokaci. Idan takarda aka aika, a karɓi shaidar aikawa a gidan waya, kyauta ce.

Akwai ranakun da ya kamata jami'i ya haddace kamar lambar wayarsa. Wanda zai iya rasa gida cikin kwana 56, dokar rage rashin matsuguni ta 2017 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimaka masa tun kafin a fitar da shi, don haka ba a jira sai kaya sun fito titi. Wanda bashi ya yi wa katutu zai iya samun kwana 60 na sararawa, a dakatar da ruwa da matsin masu bi, amma sai ta hannun mai ba da shawarar bashi mai rajista, irin StepChange ko Citizens Advice. Sabon mai neman Universal Credit, tallafin gwamnati na marasa aiki da masu ƙaramin samu, yakan jira mako biyar kafin biyan farko, kuma takardar karɓar abincin agaji ta kwana uku ce kawai, sai a yi lissafin gibin tun wuri. Danshi da baƙin fumfuna a bango kuwa ba na ɗaukarsu ƙaramin abu tun rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu da fumfunar gidansu ta yi ajalinsa a Rochdale, a Disambar 2020. Hoto, ranar da aka kai ƙorafi a rubuce, da wasiƙar likita, su ne ke motsa mai gida.

Iyaka ma tana nan. Ni ba mai ba da shawarar bashi ba ne, kuma ba da shawara kan shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a dokar ƙasar. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu sosai: wanda bizarsa ta hana shi cin kuɗin gwamnati, idan ka sa shi ya nemi tallafin da bai halatta gare shi ba, kana iya lalata masa zama gaba ɗaya. Ina duba sharaɗin bizar kafin in ambaci kowane tallafi. Amma tsoron wuce iyaka shi ne ya sa na tura Baba layi ban taɓa takardarsa ba, kuma wannan kuskuren fahimta ne. Karanta ranar da ke kan wasiƙa da riƙe wa mutum waya ba shawarar doka ba ce.

Ɓangaren da aka fi sanin aikin da shi, wato lambu, tafiyar ƙafa cikin rukuni, ajin ɗinki, zaman shayi, yana da amfani ƙwarai, kuma wurare irin cibiyar Bromley by Bow a gabashin Landan sun shafe shekaru suna nuna haka tun kafin gwamnati ta karɓa. Sai dai ba na tura kowa inda ban taka da ƙafata ba. Ina duba matakala nawa ne, akwai banɗaki a ƙasa, bas nawa za a hau, ana biyan fam biyu na shayi ko a'a, maza da mata a haɗe suke, a mashaya ake taron ko a zauren coci, lokacin ya ci karo da Juma'a. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya isa ya hana mutum komawa, kuma ba zai gaya maka dalili ba. Ranar farko tare muke zuwa. Jerin ƙungiyoyin da ke kwamfuta kuma yana tsufa da sauri, domin kuɗin da aka ware albashinmu yake biya, ba ya biyan ƙungiyoyin da muke tura wa mutane. A ganina wannan babban gibi ne a tsarin: ana ƙara masu turawa, masu karɓa suna rufewa. Duk wata uku nake bin jerin da waya.

Kalmar "an tura" ma na daina yarda da ita. Ba na rufe fayil sai na tabbatar ƙungiyar ta karɓa, mutumin ya je, kuma na ji daga bakinsa abin da aka yi masa. A takardar turawa, layin farko ranar ƙarshe ce idan akwai, da manyan baƙaƙe. Idan mutum ya ce bai samu zuwa wani wuri ba, tambayata ta gaba ita ce yadda zai je da abin da zai kashe, ba ƙarfafa gwiwa ba.

Na gaya wa Baba gaskiyar abin da ya faru a gaban matarsa, cewa da na duba ledar ranar farko da ba a makara ba. Ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yafe. Da aka biya shi kuɗin baya gaba ɗaya, ya share bashin haya, alawus ɗin matarsa ma ya dawo. Ruwan da ya biya a kan bashin nan kuwa babu mai mayar masa. Ya fara zuwa lambun a bazarar da ta biyo, an ba shi kwamin da aka ɗaga sama don kada ya sunkuya, ya shuka alayyafo da albasa.