Ka goge fayiloli, amma ma'ajiyar haɗaka ta ƙi raguwa

Ka goge gigabait 200 a cikin VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin wata kwamfutar, ka leƙa ma'ajiyar haɗaka inda faifan VM ɗin suke, ka tarar ko gezau ba ta yi ba. Tsarin fayil alama kawai yake sa wa bulo, wato ƙananan sassan faifai, cewa babu mai amfani da su, ma'ajiyar ba ta da labari sai an aika mata umarnin UNMAP, mai ce mata ta mayar da sararin.

Da farko ka tabbata faifan siriri ne, wato mai girma gwargwadon abin da aka rubuta. A Proxmox, manhajar gudanar da VM, ka kunna zaɓin discard a kan faifan tare da mai sarrafa faifai na VirtIO SCSI. A cikin VM mai Linux ka buga fstrim -av, sannan ka kunna fstrim.timer ya riƙa yi duk mako. A Windows kuwa, Optimize-Volume -DriveLetter C -ReTrim.

A VMware, wata manhajar gudanar da VM, tsarin fayil na ma'ajiyar shi ne VMFS. VMFS6 yana mayar da sararin da kansa. VMFS5 sai ka buga esxcli storage vmfs unmap -l da sunan ma'ajiyar, kuma ka bari sai dare, domin yana jigata faifai.

Tsohon snapshot, wato hoton yanayin faifai da aka adana, yana riƙe da bulon da aka goge, don haka ka share shi tukuna.

Ka yi hattara da umarnin sdelete -z a Windows. Yana cika duk sararin banza da sifili, faifan ya kumbura har iyakarsa kafin vmkfstools -K na VMware ya rage shi, kuma shi vmkfstools sai VM na kashe. Idan ma'ajiyar ta cika a tsakiyar aikin, sauran VM da ke kanta za su tsaya cak. Ka lissafa sararin da ya rage, ka bi VM ɗin ɗaya bayan ɗaya.