Suna ɗaya, asali biyu: inda na kai a karatun Rust

'Yan'uwa masu koyon Rust, yaren rubuta manhajar kwamfuta, musamman waɗanda muke haɗuwa da su ranar Asabar a Kabuga, wannan makon ya tafi ne a kan kuskure mai lamba E0308, wato na rashin dacewar nau'in bayanai. Ina rubuta wata 'yar manhaja ta fitar da ƙuri'ar adashi, sai kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutunmu zuwa yaren na'ura, ta ƙi aikin. Wai tana jiran StdRng, wani nau'i mai fitar da lambobin ƙuri'a, amma StdRng ɗin da na miƙa mata wani ne daban. Harafi da harafi sunan ɗaya ne.

Kwamfaila ba ta duba suna kawai, tana duba inda aka haifi nau'in. Kamar Musa biyu ne a aji ɗaya, malam ya rubuta ɗaya Musa Dala, ɗaya Musa Gwale, kuma ba ya ba wannan sakamakon wancan. Ni na sa ƙunshin rand, wato tarin shiryayyen aikin da StdRng ke cikinsa, fitowa ta 0.9 a Cargo.toml, fayil ɗin da ake jera ƙunsoshin da aiki ke buƙata, wani ƙunshi da nake dogaro da shi kuwa yana nan a kan rand 0.8. Cargo, mai kula da ƙunsoshin Rust, ya sauko da duka biyun, kowanne da nasa StdRng.

A nan ne ya kamata mu tsaya sosai. Ƙa'idar Cargo ita ce ya dubi lamba ta farko daga hagu wadda ba sifili ba. Idan ta zo ɗaya, kamar 0.8.4 da 0.8.5, sai ya haɗe su a fitowa guda. Idan ta bambanta, kamar 0.8 da 0.9, ya ɗauka ba su jitu ba, sai ya ajiye kowacce gefe. Kuma da gaskiyarsa, domin a 0.9 da ta fito a 2025 an sauya sunaye, thread_rng ma ya koma rng. Ni a ganina wannan tsari alheri ne, don ba don shi ba da aiki da yawa ba za su haɗu ba sam.

Kada ku ɓata data da cajin kwamfuta wajen cargo clean, ba ya magani. Shi ma cargo update ba zai tsallaka da ku daga 0.8 zuwa 0.9 ba. Ku buga cargo tree -d, zai jero duk ƙunshin da ya shigo sau biyu da wanda ya jawo shi. Da na gani, na mayar da nawa 0.8, aiki ya wuce. In ƙunshin da kuke amfani da shi yana fitar da rand ɗinsa ga jama'a, ku ɗauka daga wajensa, ya fi kwanciyar hankali.



Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo da aikin mu buɗe Cargo.lock tare, fayil ɗin da Cargo ke rubuta fitowar da ya zaɓa, ku ga rand ɗin biyu da idonku.