Kunnen Yaya da ya toshe dare ɗaya

Ranar wata Talata Yaya ta tashi kunnenta na hagu ya ɗauke ɗif, sai wani ƙara fiii kamar kukan sauro. Mu duk mun ɗauka datti ne, har man zaitun aka ɗiga mata, kwana tara muna wasa da abu wallahi.

Da muka je wajen likitan kunne ya ce jijiyar ji ce ta cikin kunne, irin wannan kurumta cikin awa 72 take sauka, kuma maganin sitiroyid irin su prednisolone ya fi aiki in an fara cikin sati biyu. Abin da ya tsaya min a rai, ya ce mutum biyu za su sha magani ɗaya, wani ji ya dawo wani shiru, kuma masu bincike na zargin gado na da hannu, wato yadda ƙwayoyin halittar mutum ke karɓar maganin da kuma saurin daskarewar jininsa. Har ya tambaya ko tana da sikila, don ita ma tana taɓa kunne.

Ƙwayoyin maganin ba su yi mata sosai ba, sai da aka yi allura ta cikin dodon kunne. Yanzu rabi ya dawo, waya dai a dama take ɗagawa.